Daga Washinton zuwa Filadelfiya a kan sawun tsofaffin takardu

Tun ina yaro nake son tsohuwar takarda. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, cike da wasiƙun ajami da takardun gona da rasiɗan haraji na zamanin En'e. Da ya rasu akwatin ya dawo hannuna, ni kuma na ci gaba da ƙara masa abin da nake samu a wurin dangi da masu tsofaffin littattafai a kasuwar Kurmi. Shi ya sa da ƙanena mai aiki a jihar Merilan ya gayyace ni Amurka, ya tambaye ni inda nake so ya kai ni, na ce masa wuri biyu: inda Amurkawa suke ajiye rubutun hannun kakanninsu, da inda ake cinikinsa.

Na sauka cikin watan Oktoba, ganyen itatuwa ya yi ja da rawaya yana zuba, sanyin kuma kamar tsakiyar hunturunmu. Rana ta uku muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tsakiyar Washinton, muka bi layi a ƙofar Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa. A nan Takardar Shelar 'Yancin Kai ta 1776 take, cikin wani kewayayyen zaure da aka rage wa haske da gangan. Kowa na tafiya a hankali, ana magana ƙasa-ƙasa kamar an shiga gaban sarki.

Da na iso gabanta sai jikina ya yi sanyi, don rubutun ya koɗe ƙwarai. A kan fata aka yi shi, da hannun wani magatakarda mai suna Timothy Matlack, kuma fatar ta sha wuya. An naɗe ta an warware, an yi gudun yaƙi da ita gari-gari, sannan daga 1841 ta yi shekara 35 a rataye jikin bangon wani ofishi tana fuskantar taga, rana na dukanta. Sai a 1952 aka kawo ta wannan zaure. Sa hannun John Hancock, shugaban majalisar da ta amince da shelar, shi ne babba a tsakiya kuma ana gane shi. Sauran 55 ɗin sai ka sunkuya ka ƙura ido. Can a kusurwar hagu ta ƙasa akwai shatin tafin hannun wani mutum da ya taɓa dafa ta, ya zauna a jikin fatar har yau.

Ƙanena ya taɓa kafaɗata ya ce, "Yaya, mutane na jira a bayanmu." Na ce ya ba ni minti ɗaya, akwai sunan da nake nema. Jerin farko daga hagu na wakilan jihar Jojiya ne, na samansu kuwa Button Gwinnett. Duk mai tara sa hannun mutanen farko na Amurka ya san wannan suna. Haifaffen Ingila ne, ɗan kasuwar da kasuwa ba ta karɓe shi ba, bashi ya yi masa katutu. Bai cika shekara da sa hannu a takardar ba suka fita fito-na-fito da bindiga shi da abokin gabarsa Lachlan McIntosh a watan Mayu na 1777, ya ji rauni, bayan kwana uku ya cika. Bai bar rubutu da yawa ba, sa hannunsa 51 kacal aka sani a duniya. Tun ƙarni na 19 masu wannan sha'awa suke gasar haɗa sa hannun mutum 56 ɗin nan cif, kuma a kan Gwinnett kowa ke cijewa. A 2010 an yi gwanjon wata wasiƙa mai ɗauke da sunansa a kan dala 722,500, kuɗin da ya ninka na yawancin wasiƙun Joj Washinton kansa, shugaban Amurka na farko. A wannan kasuwa ƙarancin abu ya fi girman mai shi tsada.

Bayan kwana biyu muka kama jirgin ƙasa na Amtrak zuwa Filadelfiya, tafiyar kusan awa biyu, ta Baltimo da Wilminton. Daga tasha muka wuce titin Locust, inda Ƙungiyar Tarihi ta Fensilbeniya take, wadda aka kafa a 1824. Nan aka ajiye tarin Simon Gratz, wani lauyan garin da ya ƙarar da rayuwarsa yana tara wasiƙun mutane, ya saye har da na William Sprague, limamin coci a Albani wanda yake cikin na farkon da suka haɗa sa hannun duka 56. Aka sa muka ajiye jaka da biro a waje, fensir kawai ake shiga da shi. Wata ma'aikaciya ta kawo mini jakar wasiƙun 'yan kasuwa, ta ce in riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya a kan tebur, kada in ɗaga. Awa biyu na yi a wurin ban san sun wuce ba.

Amma inda na fi ƙaruwa shi ne shagon wani dattijo mai sayar da tsofaffin takardu, a hawa na biyu na wani gidan jan bulo. Na gaya masa gaskiya cewa kuɗina kaɗan ne, na zo koyo ne. Ya yi murmushi, ya jawo mini kujera, ya ce masu tambaya sun fi masa masu gaggawar saye.

Ya ɗauko wata wasiƙa ta shekarun 1790 ya ɗaga ta saitin fitila. Sai ga siraran layuka a cikin jikin takardar, a kwance da a tsaye, da tambarin masana'antar da ta yi ta. Ya ce da tsumman lilin da auduga ake yin takardar wancan zamani, shi ya sa ta fi jaridar bara ƙarfi. Na ce masa mu ma tsofaffin littattafan malamanmu idan ka ɗaga su haka za ka ga tambarin jinjirin wata uku, takardar da ake kawowa daga Italiya ta hamada. Ya ajiye gilashinsa ya ce in maimaita. Daga nan hira ta buɗe. Ya nuna mini yadda tawadar ta juye daga baƙi zuwa ruwan ƙasa, ta ci takardar har ana ganin inuwar rubutun ta baya, saboda da ƙarfe da ƙullutun itacen oak ake haɗa ta. Na ce ai 'yar'uwar tawadar da malamanmu ke dafawa ce da bagaruwa da kashin maƙera da ƙaro. Wasiƙar ba ta da ambulan. Ita kanta aka ninke, aka rubuta adireshi a bayanta, aka manne da jan kaki, kuma inda mai karɓa ya ɓalle kakin ya tafi da kalma biyu.

Sannan ya shiga ba ni labarin maha'inta. Akwai Robert Spring, wani mai sayar da littattafai a nan Filadelfiya a ƙarni na 19, wanda ya ƙware da kwaikwayon hannun Washinton har yana rubuta shi a guje ba tare da dubawa ba. Yakan yanko farar takarda daga ƙarshen tsofaffin littattafai ya yi aikinsa a kai, don haka takardar ta gaske ce, rubutun ne na ƙarya. Dattijon ya ce idan ka ga layin alƙalami yana rawa ko yana tsayawa a tsakiyar harafi, ko tawada ta bazu kamar gashi a jikin tsohuwar takarda, to ka mayar da kuɗinka aljihu. Ya kuma gargaɗe ni kan takardun mallakar fili masu sunan shugaban ƙasa: har zuwa 1833 shugabannin da kansu suke sa hannu, daga nan doka ta ba sakatare damar sa musu, kuma baƙi da yawa sun sayi hannun sakatare da kuɗin hannun shugaba.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne Jared Sparks, masanin tarihi da ya zama shugaban jami'ar Habad. An ba shi amanar takardun Washinton, ciki har da dogon daftarin jawabin kama mulki da Washinton ya rubuta da hannunsa amma bai karanta ba. Sai ya riƙa yayyanka shi yana rabawa masu roƙon ɗan guntun rubutun shugaban. Har yau ana tsintar gutsattsarin nan ɗaya-ɗaya. Na tuna yadda ake raba littafin malami ga magada a wurinmu, wannan ya ɗauki ganye goma wancan ya ɗauki ashirin, kowa yana neman albarka, littafin kuma ya mutu.

Can ƙasan wata jaka na ga wata doguwar takarda mai jerin kaya da farashi. Lissafin dukiyar wani mamaci ne daga jihar Bajiniya. Gadaje, tukwane, dawaki, shanu, sai kuma sunaye: wani namiji, wata mace da ɗanta, kowanne da kuɗinsa a gefe. Na daɗe ina kallonta. Safiyar ranar mun tsaya a mahaɗar titin Market da titi na shida, inda gidan shugaban ƙasa yake lokacin da Filadelfiya ce babban birni, muka karanta sunayen bayi tara da Washinton ya riƙe a gidan, an sassaƙa su a jikin dutse. Cikinsu akwai Ona Judge, wadda ta sulale ta gudu a 1796, aka sa cigiyarta a jarida da ladan dala 10. Ban kalli takardar nan da idon wanda ƙasarsa ta tsira daga wannan ba, don mu ma an yi rinji, an yi kasuwar bayi, kuma sunayen mutanen ko a lissafi ba su rage ba. Dattijon ya ce irin waɗannan takardu yanzu jami'o'i da jikokin bayin ne suka fi nemansu, don sau da yawa nan kaɗai sunan kakan mutum ya rage. Na mayar masa da ita. Ban ga dacewar ta bar ƙasar ta shiga akwatina a Kano ba.

Abin da na saya ƙarami ne, bai kai tafin hannu biyu ba. Rasit ne na 1794, wani mutum ya karɓi kuɗin itacen wuta da ya kawo. Wani ne ya rubuta masa sunansa, shi kuma ya yi alamar gicciye a tsakiya, alƙalamin ya ɗan fantsama inda ya danna da ƙarfi. Dala 60 na biya. Ƙanena ya ce, "Yaya, duk manyan sunayen nan, sai na mai itace?" Na ce masa wannan ne na ji na san mai shi.

Kwana ɗaya kafin in taso muka koma Washinton, Laburaren Majalisar Dokoki. Da fasfona aka yi mini katin karatu kyauta, muka hau sashen Afirka da Gabas ta Tsakiya. Abin da ya kawo ni rubutun Umar ibn Sa'id ne, malami daga Futa Toro a ƙasar Senegal ta yau, wanda ya yi shekara 25 yana neman ilimi kafin a kama shi a yaƙi a sauke shi a matsayin bawa a birnin Calston na Amurka a 1807. Ya gudu daga ubangidansa na farko, aka tsare shi a kurkukun Fayetteville a Karolina ta Arewa, inda ya riƙa rubutun Larabci a bango har labarinsa ya bazu. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa, shafi 15. Takardar ta ɓace shekaru da yawa, aka tsince ta cikin wani tsohon akwati a shekarun 1990, ta shiga hannun wani mai tara takardu, laburaren ya saye ta a 2017. Mai tara takardu ne ya riƙe ta har ta iso nan, kuma wannan ya wanke mini wani ɓangare na haushin Sparks.

Ainihin takardar tana killace, hotonta aka buɗe mana a kwamfuta, ana iya faɗaɗa kowane harafi. Ban buƙaci tafinta ba. Hannun irin namu ne, na makarantar allo: fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Bayan Bisimilla, kafin ya faɗi sunansa ko garinsu, da Tabara ya buɗe, surar da ta fara da cewa mulki a hannun Allah yake. Mutumin da ya shekara 24 a matsayin dukiyar wani ne ya zaɓi ya fara da wannan. Daga baya ya nemi afuwar mai karatu, ya ce ya manta da yawa daga harshensa da kuma Larabci. Akwai wuraren da hadda ta kuɓuce masa, kalma ta sauya ko aya ta tsallake. Na fara karantawa a hankali ina bin layin da yatsa, da na zo inda ya yi tuntuɓe sai na ji ƙanena a gefena yana ƙarasa ayar ƙasa-ƙasa. Muka kai ƙarshen surar tare, muka yi masa addu'a.

Da na dawo gida na bi shawarar dattijon. Na fitar da takardun Baba daga ledojin da suke ciki, don leda na tara gumi, na cire ƙusoshin da suka yi tsatsa, na sa kowace a cikin jakar takarda marar asid da na sayo, na ɗora akwatin a kan bulo huɗu saboda gara. Cikin wannan aiki na ci karo da takardar sayar da gonar kakarmu ta 1958. Malamin alƙali ne ya rubuta sunanta, ita kuma ta dangwala babban yatsanta a ƙasa, tawadar ta yi shuɗi-shuɗi. A jaka ɗaya na sa su da rasit ɗin mai itace.