Yini guda a dajin sawaro

Laraba, yammacin Tuson, jihar Arizona, Amurka

Sanyi ne ya tashe mu tun kafin asuba. Watan Maris ne, kuma hamadar Sonora a wannan lokaci da daddare sai da bargo, da rana kuwa sai da malafa. Motar da muka yi haya irin mai ɗaki ce a ciki, wadda suke kira RV: gado, murhun gas, ƙaramin firji da banɗaki duk a wuri guda. Mun kwana a sansanin Gilbert Ray, domin a cikin Gandun Sawaro kansa babu wurin kwanan irin wannan mota. Akwai inda ake jona wutar lantarki, akwai famfo, amma babu wurin wanka, don haka alwala da wanke-wanke duk da lissafi ake yi, ido na kan tankin ruwa. Jiya da za mu shigo mun kauce wa hanyar Gates Pass saboda ƙuncinta da kwanoninta, muka zagayo ta titin Kinney. Duk mai babbar mota haka ake ba shi shawara.

Bayan sallah da shayi muka nufi ofishin baƙi na Red Hills, muka ajiye motar muka shiga da ƙafa.

Na sha ganin hoton sawaro, ƙatuwar murtsunguwar wannan hamada, amma hoto ba ya nuna yawanta. Tun daga bakin titi har gindin duwatsu murtsunguwa ce a tsaye, dubbai, wata sanda guda miƙe, wata da hannaye a ɗage, wasu sun haura mita 12. Autarmu ta tsaya kusa da wata da ba ta kai mata gwiwa ba ta ce, "Baba, wannan jaririya ce?" Ma'aikaciyar gandun da ke kusa ta ce mata wannan ta girme ta nesa ba kusa ba. A shekara takwas na farko sawaro da ƙyar take kai santimita 4. Ba ta fitar da hannu sai ta yi shekara 50 zuwa 70, inda ruwa ya yi ƙaranci ma har ta kusa 100, kuma tana iya rayuwa shekara 150 zuwa 200. Wato manyan da muke ɗaga kai muna kallo sun riga gandun kansa zuwa, domin sai a 1933 Shugaba Hoover ya ware yankin gabas, aka ƙara wannan na yamma a 1961, aka mayar da su cikakken gandun ƙasa a 1994.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda take sarrafa ruwa. Ruwan sama a nan bai wuce kusan milimita 300 a shekara ba, rabe gida biyu, na hunturu da na tsakiyar bazara. Saiwoyinta ba sa nitsewa sosai, suna shimfiɗe ne dab da saman ƙasa, su yi nisa kamar tsawon ita kanta, don ko yayyafi aka yi ta tsotse kafin rana ta ɗauke. Jikinta a nannaɗe yake kamar zugazugin maƙeri, in ta sha ya buɗe, in fari ya yi tsawo ya tsuke. Ƙaramarta kuwa ba ta tsira a fili. Sai ƙwayar ta faɗi a inuwar wata bishiya, galibi palo verde mai koren jiki, wadda za ta kare ta daga zafin rana da sanyin dare har ta yi ƙarfi.

Da muka natsu sai muka fara ganin masu gida. Jikin manyan cike yake da ramuka, aikin makwakkwafi ne, shi ke huda su ya yi sheƙa, in ya tashi wata 'yar mitsitsiyar mujiya ta gaje ɗakin. Wani dogon tsuntsu mai gudu da ƙafa ya gifta da ƙadangare a baki. A wata busasshiyar ƙorama muka hango garken dabbar da suke kira habalina, mai kama da ƙaramin gadu, suna cin murtsunguwa mai faɗin ganye da ƙayarta duka. Uwargida ta riƙe hannun yarinya muka ja da baya har suka wuce. Macijin nan mai kaɗa wutsiya ba mu haɗu da shi ba, alhamdulillahi, ko da yake yanzu ne lokacin fitowarsu. Mun kuma yi nesa da colla, wata murtsunguwa wadda gaɓoɓinta ke ɓallewa su manne wa mutum da zarar ya goge ta. Masu yawo a nan mataji suke sawa a aljihu don cire ta.

Fure bai fito ba tukuna, sai Mayu da Yuni. Fari ne, da dare yake buɗewa, jemagu su sha, da safe kurciyoyi da ƙudan zuma su ƙarasa. 'Ya'yan kan nuna jajawur a ƙarshen Yuni, kuma mutanen Tohono O'odham, waɗanda suke nan tun kafin a san Amurka, har yau suna kaɗo su da maƙatar da suke haɗawa da haƙarƙarin matacciyar sawaro, su dafa su yi zuma da su. Daga wannan girbi sabuwar shekararsu take farawa.

Da la'asar na ga abin da ya ɓata mini rai. A gefen wani tudu ciyawa ce ruwan ƙasa ta cike tsakanin murtsunguwar, kuma na ga kan nata kamar na sani. Ashe bafel ce, 'yar uwar ƙarangiya, asalinta daga Afirka da yammacin Asiya. A shekarun 1930 aka kawo ta don kiwon shanu da hana zaizayar ƙasa. A gida abincin dabba ce, a nan kuwa annoba. Da can tsakanin tsiro da tsiro fili ne, ko wuta ta kama ba ta samun hanyar tafiya. Yanzu ciyawar ta haɗe su, in ta bushe ta kama, zafinta kan haura digiri 700. Sawaro ba ta jure wuta. Ciyawar kan sake tsirowa da ruwan farko, amma abin da ya ɗauki shekara 150 yana girma ya tafi ke nan, kuma ƙananan da za su maye gurbi su ne farkon ƙonewa. Ko ba wuta ma, tana shanye musu ruwa.

Ma'aikata na fesa magani in ta yi kore, 'yan sa-kai kuma na tumɓuke ta da ƙarfen tono, gindi bayan gindi, domin in aka bar saiwa dawowa take yi. Aiki ne mai cin baya, kuma sai an riƙa komawa wuri guda shekara da shekaru saboda irin da ke kwance a ƙasa.

Da magariba muka koma sansani, na cika tanki, na zubar da ruwan datti a inda aka tanada. Muna cin shinkafa da wake uwargida ta ce, "Baban yara, mu da muka tashi da fartanya a hannu, me zai hana mu ba su safiya guda kafin mu wuce?" Gobe in Allah ya kai mu zan koma Red Hills in tambayi ranar da suke fita. In ta yi daidai, tafiyar Organ Pipe, wani gandun murtsunguwar, ta jira.