Baƙin Allo Ba Ya Tambayar "Ka Tabbata?"

Ranar wata Talata ce bayan la'asar, saura kaɗan a tashi. Watana huɗu ke nan da kama aiki a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, inda aka damƙa mini rumbun bayanan kwastomomi: wane ya ɗauki katan nawa, ya biya nawa, ana binsa nawa. Akanta ya leƙo ya ce wani Alhaji ya gama biyan bashinsa ta banki amma manhaja ta ƙi sauke masa, in taimaka in gyara ta ciki. Aikin minti ɗaya ne. Na buɗe baƙin allon nan, na shiga psql, wato abin da ake magana da rumbun PostgreSQL kai tsaye da shi, na rubuta umarnin a gefe cikin layi biyu, na kwafo na liƙa:

UPDATE kwastomomi SET bashi = 0;
WHERE lamba = 2217;

Ku dubi ƙarshen layin farko da kyau. Wannan ɗan waƙafi mai ruwan shi ne ke gaya wa psql cewa magana ta ƙare, ya aika. Ni ban lura da shi ba. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne layin ƙasa, inda aka ce an sami kuskure kusa da WHERE. Har na saki ajiyar zuciya, na ce alhamdulillahi ba abin da ya gudana, bari in gyara. Sai na ɗaga ido sama kaɗan na ga wani gajeren layi: UPDATE 3814. Mutum dubu uku da ɗari takwas da goma sha huɗu na yafe wa bashi a daƙiƙa ɗaya, da kuɗin da ba nawa ba.

Ƙannena masu tasowa a wannan sana'a, abin da nake so ku fara riƙewa shi ne wannan allo ba irin manhajojin waya ba ne da za ka danna gogewa su tsaya su tambaye ka ko ka tabbata. Ya ɗauke ka a matsayin babba mai sanin abin da yake yi. A psql, in ba ka canza saitin ba, duk umarnin da ka aika yana tabbata nan take. Haka ma mysql da sqlite3, takwarorinsa na wasu rumbunan. Magana ce zarar bunu. Harshen SQL kansa, wato harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, tun shekarun 1970 aka ƙirƙiro shi a kamfanin IBM, Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka gina shi a kan tunanin da Edgar Codd ya wallafa a 1970, kuma har gobe dokarsa ɗaya ce: UPDATE (gyara) ko DELETE (gogewa) da ba shi da WHERE, wato sharaɗin da ke faɗin wa ake nufi, ma'anarsa kowa da kowa. Rumbun bai yi kuskure ba a ranar. Abin da na ce shi ya yi.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, kuma ba shi da alaƙa da kwamfuta. Na yi shiru. Kusan minti arba'in ina zaune ina gumi a ɗaki mai sanyin na'ura, ina buga ROLLBACK, umarnin warware abin da aka yi, ana ce mini babu abin da za a warware, ina neman dabarar da zan gyara kafin wani ya gani. A cikin waɗannan mintuna masu karɓar kuɗi na ci gaba da shigar da ciniki a kan lissafin da ya riga ya lalace, har wani kwastoma ya tambayi bashinsa a kanta aka ce masa babu, ya yi godiya ya tafi. Da na je wurin oganmu na sashen, dattijo ne mai sanyin magana, ban iya ma haɗa jimla ba. Ya ce, "Zauna. Ƙarfe nawa ka buga?" Na faɗa. Ya dubi agogo ya ce, "Ɓarnar ba ta dame ni kamar minti arba'in ɗin nan ba." Ya ɗauki waya ya sa aka dakatar da shigar da komai, kowa ya koma rubuta rasit da biro.

To a nan ne muka gano wata ɓarakar. Akwai aikin da aka tsara yana gudana kowane dare da pg_dump, yana ɗaukar kwafin rumbun don ko-ta-kwana. Muka je ɗaukar na daren jiya, muka tarar fayil ne fanko. Na shekaranjiya ma haka. Ashe faifan da ake zubawa ya cika tun kwana tara da suka wuce, aikin yana faɗuwa kullum ba wanda ya sani, kuma duba shi yana cikin ayyukan da aka ba ni. Kwafi mai kyau na ƙarshe ya kwana tara. Muka ɗora shi a wani rumbu daban, muka ɗauko tsofaffin alƙaluma, sannan muka bi cinikin kwana taran nan ɗaya bayan ɗaya muna daidaitawa da teburin biyan kuɗi, wato jerin bayanan biya da ke cikin rumbun, da kuma takardun rasit. Kwana uku muka yi, ni da akanta da wata baiwar Allah mai karɓar kuɗi wadda ba ta taɓa ce mini uffan a kai ba, wanda hakan ya fi zagi ciwo.

Daga baya na karanta abin da ya sami GitLab, wani kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a wurinsa, a ranar 31 ga Janairun 2017. Wani injiniyansu, cikin dare kuma a gajiye, ya so goge bayanan rumbu na biyu da ya sami matsala, sai ya buga umarnin a kan babban rumbun. Kafin ya tsayar, kusan gigabait 300 sun tafi. Da suka nemi kwafin ko-ta-kwana suka tarar pg_dump ɗinsu ya daɗe yana faɗuwa, domin sigarsa ta 9.2 ce alhali rumbun 9.6 ne. Sun yi asarar bayanan kusan awa shida. Abin da ya burge ni shi ne ba su ɓoye ba, suka rubuta komai a fili, har aikin gyaran suka nuna kai tsaye a YouTube. Da na karanta wannan kafin waccan Talata, wataƙila da na shafa wa gemuna ruwa. Kwafin da ba ka taɓa gwada dawo da shi ba, kar ka ƙirga shi cikin kwafi. Yanzu kowane wata nakan ɗora na baya-bayan nan a wani rumbu, in ƙirga layukan manyan tebura, in gwada da na ainihi.

Tun daga ranar hannuna ya koyi wani tsari, kuma ba na karya shi ko da layi ɗaya zan taɓa. Da farko SELECT, umarnin dubawa kawai, nake rubutawa da WHERE ɗin da nake nufi, in ga da idona su waye za su fito. In mutum ɗaya nake nema na ga biyar, to akwai magana. Sannan in buga BEGIN, wanda ke riƙe duk abin da zai biyo baya, kada ya tabbata sai na amince. Sannan in mayar da wannan SELECT ɗin ya zama UPDATE ba tare da na taɓa WHERE ba. In ya gudana, sai in tsaya in karanta lambar da ya dawo da ita, da baki nake furta ta, abokan aiki har dariya suke mini. In ta yi daidai in tabbatar da COMMIT, in ba ta yi ba ROLLBACK, kamar ba a yi ba. Masu aiki da mysql kuna da wani gata: ku shiga da --safe-updates, zai ƙi karɓar UPDATE ko DELETE da ba a ɗaure shi da mabuɗi ko LIMIT ba. Wannan zaɓi yana da wani suna na biyu, --i-am-a-dummy, wato "ni dolo ne". Duk wanda ya raɗa sunan ya san mu. Amma ku yi hattara, a MySQL umarni irin su DROP da ALTER da TRUNCATE suna tabbatar da kansu ko da ka buga BEGIN, kuma tsofaffin tebura na MyISAM ba su san ROLLBACK ba sam. PostgreSQL ne ke barin ka warware har DROP TABLE.

Sai dai BEGIN ɗin ma ya taɓa jawo mini magana. Wata Juma'a na buɗe shi, na ƙara wani sabon gurbi a teburin ciniki da ALTER TABLE, na ji an kira salla, na zura takalmi na fita da niyyar in dawo in duba kafin in tabbatar. ALTER TABLE yana kulle teburin gaba ɗaya har sai an rufe abin da aka buɗe. Ina fitowa daga masallaci na tarar da kira goma sha ɗaya a waya. Manhaja ta sandare a duk rassa, layi ya taru a kanta. Da aka duba pg_stat_activity, inda PostgreSQL ke nuna wa ke yin me a rumbun, sunana ne zaune da alamar cewa na buɗe na tafi na bari. Sababbin sigogin psql suna sa ɗan tauraro a jikin alamar shigar da umarni matuƙar akwai abin da ba ka rufe ba. In ka ga tauraron, ba ka tashi daga kujera ba tukuna. Akwai kuma saitin idle_in_transaction_session_timeout da zai katse irina da kansa.

Wannan alamar shigar da umarni tana magana, yawancinmu ne ba ma saurara. In ta ƙare da => tana jiran sabon umarni. In ta koma -> to ba ka rufe na baya ba. In ka ga =# to da asusun mai cikakken iko ka shiga, ka san inda kake taka ƙafa. Akwai kuma wadda mu Hausawa muka fi kowa cin karo da ita. Ka nemi 'Sa'idu' ko 'Mu'azu' ko 'Isma'il', sai ka ga allo ya yi tsit, alamar ta koma '> kana ta danna shiga ba abin da ke faruwa. Alhamzar da ke cikin sunan ita ce SQL ya ɗauka a matsayin ƙarshen rubutu. Na taɓa ɓata rabin awa ina zargin intanet. Maganin shi ne ka ninka ta, ka rubuta 'Sa''idu'. Kuma in manhajar da ka gina tana faɗuwa a kan sunan A'isha, wannan ba ƙaramar matsala ba ce, alama ce cewa kana liƙa abin da mutane suka rubuta kai tsaye cikin umarni, ƙofar da ɓarayin bayanai ke bi ke nan. Haka ƙ da ɗ da ɓ: in rumbu ko mahaɗarsa na kan tsarin adana haruffa na latin1 maimakon UTF-8, Ɗanladi zai iya komawa alamar tambaya da "anladi". Lambar waya kuwa ka ajiye ta a matsayin rubutu, in ba haka ba sifirin farkon 0803 zai ɓace.

Ƙananan abubuwa ba zan daɗe a kansu ba. Ba a neman gurbi fanko da = NULL, ba zai ba ka kuskure ba, zai dai dawo da babu, ka je ka gaya wa oga kowa ya biya; IS NULL ake cewa. Babban tebur ka sa masa LIMIT kafin ka leƙa. Aiki mai tsawo a kan saba mai nisa, wato babbar kwamfutar da rumbun ke zaune a kai, ka yi shi cikin tmux, mai barin aiki ya ci gaba ko da ka katse, domin ba ka san lokacin da za a ɗauke wuta ko sabis ya gudu ba. In fayil za ka gudanar da psql, ka haɗa da ON_ERROR_STOP da --single-transaction, don kada layi na goma ya faɗi na sha ɗaya ya ci gaba abinsa.

Kalmar sirri kuwa sai na ɗan tsaya. Na shekara ina buga ta a jikin umarnin shiga, don ganda. Duk tana nan kwance a .bash_history, fayil ɗin da ke ajiye umarnin da ka taɓa bugawa, wanda duk ya zauna a kujerata ya danna kibiyar sama zai gan ta. Wata rana ina nuna wa wasu baƙi allona a taro, na danna kibiyar, ta fito ɓaro-ɓaro a bango. PostgreSQL yana da fayil ɗin .pgpass don wannan, kuma ba zai ma karanta shi ba sai ka rufe shi yadda kai kaɗai ke iya buɗewa, da chmod 600. Haka in an ce ka fitar da sunaye da lambobin kwastomomi, ka tambayi wa zai karɓa da abin da zai yi da su kafin ka jefa fayil ɗin a WhatsApp. Amana ce tun kafin a yi doka, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a.

Abin da ya fi rage mini fargaba shi ne raba ƙofofi. Rumbun gwaji da na ainihi kamanninsu ɗaya a baƙin allo, kuma da taga biyu a buɗe, hannu ba ya bambancewa bayan ƙarfe goma na dare. Na shiga .psqlrc, fayil ɗin saitin psql, na sa alamar rumbun ainihi ta zama ja jawur, da sunan sabar a jiki. Kafin in taɓa komai nakan buga \conninfo ya gaya mini ina nake, da wane suna na shiga. Sannan na buɗe asusu biyu: ɗaya mai karatu kawai, wanda ko ya so ba zai iya gogewa ba, ɗaya mai rubutu wanda sai da dalili ake fito da shi. Kashi mafi yawa na aikin yini tambaya ce kawai, wa ya biya, nawa ya rage, ba ta buƙatar wuƙa a hannu.

Bara aka turo mana wani ɗan bautar ƙasa, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, yana rubuta JOIN, wato haɗa tebura, mai hawa uku ba ya ko duba littafi. Na ba shi asusun karatu. Bayan mako biyu ya zo ya tsaya a gefen teburina yana sosa ƙeya, ya ce, "Oga, ko dai ba a yarda da ni ba ne?" Ban ce masa komai ba, na juyo masa allona na buga \conninfo. Ya sunkuya ya karanta sunan asusun da na shiga da shi, irin nasa ne sak. Ya ce, "Har kai?" Na ce ya jawo kujera, na fara ba shi labarin Alhaji mai lamba 2217.