Ambulan ɗin Inna

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024. Mabera, Sakkwato.

Kiran assalatu ne ya tashe ni, kamar kullum. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina unguwar nan, ban taɓa saita agogo don zuwa Mas, ibadarmu ta Katolika, da safe ba, ladanin masallacin da ke bayan gidanmu ya ishe ni. Hunturu bai kankama ba tukuna, amma ya aiko da sallama: leɓe ya fara tsagewa, ruwan randa ya yi sanyi, tabarmar da na manta a tsakar gida jiya ta kwana da ƙura.

Ina cikin shafa man kaɗanya Inna ta kira ni daga ɗakinta. Na same ta zaune a bakin gado, ta riga ta ɗaura ɗankwali, ambulan ɗin nan na coci yana kan cinyarta. Mako biyu ke nan da katikist, mai koyar da addini a cocinmu, ya raba su, kowane gida ɗaya, domin a rubuta sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a ajiye gaban bagadi, a riƙa tunawa da su a Mas har ƙarshen wata. Duk lokacin da na ce mata mu rubuta, sai ta ce a bari tukuna. Yau ce ranar tunawa da dukan matattu, babu sauran bari.

Inna ba ta rubutu, saboda haka ita ke faɗa, ni ke riƙe da biro. Sai dai akwai sunaye biyu da ba sa fita daga bakinta. Na farko ta ce, "Sa babanku." Shekara arba'in da wani abu suka yi tare, shekara shida da rasuwarsa, har yau ba ta taɓa kama sunansa ba. Na biyu ta ce, "Sa yaron nan." Ɗan farinta ke nan, yayana da ƙyanda ta ɗauke tun ba a haife ni ba. Na rubuta su a sama, na juya mata takardar ta gani duk da ba karantawa za ta yi ba. Ta ɗora yatsa a kan layi na biyu, ta ɗan jima.

Daga nan sunaye suka yi ta zuwa: gwaggonni, kawunnai, matar da ta karɓi haihuwata, tsohon katikist na ƙauyenmu da ya koya mana addu'a a gindin tsamiya. Mun kai goma sha bakwai sai ta yi shiru. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "To, tsohona fa?"

Ashe abin da ya hana ta rubutun ke nan. Kakana Bamaguje ne, a cikin al'adar iyayensa ya rayu, a cikinta ya mutu. Ba a yi masa baftisma ba, ba shi da sunan coci, sai sunan rana da aka raɗa masa. Inna ta sha ba mu labarinsa: ba ya cin tuwo shi kaɗai, rumbunsa ba ya rufuwa ga baƙo, a shekarar yunwa ya ciyar da gida uku da ba nasa ba. Shekara shida tana cika ambulan, shekara shida tana tsallake shi, tana ganin kamar ba shi da wuri a gaban bagadi. Ni kuma ban taɓa lura ba. Wannan ya dame ni ƙwarai. Na ce mata mu bar layi ɗaya a buɗe, mu tambayi Fada.

A ƙofar gida muka haɗu da Hajiya maƙwabciyarmu tana shara. Ta ce, "Ina zuwa haka da sassahe, yau ba Lahadi ba?" Inna ta ce za mu yi wa mamatanmu addu'a. Hajiya ta ajiye tsintsiya, ta ɗaga hannu biyu, ta ce, "Allah shi jiƙansu, shi kyauta namu zuwa." Muka amsa da amin tare. Ba ta nemi wani ƙarin bayani ba, mu ma ba mu ga abin ƙarawa ba.

Mai keke ya caje mu kusan ninki biyu na kuɗin bara. Ban yi ciniki ba, litar fetur ta haura naira 1,000, shi ma da iyalinsa.

Mun tarar da Fada a bayan coci yana shirin sa kayan Mas. Jiya fari ya sa domin idin dukan tsarkaka, yau kuwa shunayya ce rataye a hannunsa. Inna ta durƙusa ta gaishe shi, ya yi sauri ya ɗaga ta, don a haife ta haife shi. Ni na yi bayanin, ita tana kallon ƙasa. Bai amsa nan take ba. Ya tambaye ta wane irin mutum ne mahaifinta, ta faɗa masa batun rumbun. Sai ya ce, "Mama, ki rubuta shi." Ya ce Ikilisiya tana koyar da cewa wanda bai san Bishara ba, ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya, ya bi abin da lamirinsa ya nuna masa, ƙofar ceto ba a rufe take gare shi ba. Ya ce ba ra'ayinsa ba ne, bishop-bishop na duniya ne suka rubuta haka a babban taron Vatikan na biyu a 1964, shekarar da Sakkwato ta zama cikakkiyar dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta. Ya ƙara da cewa a Mas ma ana roƙo domin dukan waɗanda suka mutu cikin jinƙan Allah, kuma shi Fada ba shi ne mai riƙe da rajistar ba.

A kan murfin motar wani na rubuta sunan kakana. Inna ce ta faɗe shi da bakinta, sarai, sau biyu.

Cocin bai cika ba, Asabar ce, 'yan kasuwa da yawa sun riga sun tafi shago. Amma kwandon da ke gaban bagadi ya cika har ambulan suna zubowa. Na tsaya ina kallonsa lokacin da na je ajiye namu. Sunayen Igbo, na Tibi, na Yarbawa, na mutanen kudancin Kaduna, na Dakarkari, da namu na Hausawa, duk a kwando ɗaya na kaba. Yawancinmu a nan baƙi ne ta wata fuska, kaburburan iyayenmu suna can nesa, abin da muke iya kawowa shi ne suna a takarda.

An karanta daga Littafin Hikima, inda aka ce rayukan masu adalci suna hannun Allah. A wa'azi Fada ya ce wannan rana ta samo asali ne daga wani gidan sufaye a Kuluni ta ƙasar Faransa, inda shugabansu Odilo ya umarci a keɓe washegarin idin tsarkaka domin matattu, kusan shekara dubu da suka wuce. Ya ce yau an yarda kowane fada ya yi Mas sau uku, izinin da Paparoma Benedict na 15 ya bayar a 1915, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, lokacin da gawawwaki suka fi ƙarfin masu binnewa. Shi ma daga nan zai wuce wani ƙaramin coci a bayan gari.

Sannan ya kira namu. Ya fara da Bishop Edward Lawton, ɗan ƙungiyar Dominikan daga Amurka, bishop na farko a Sakkwato, wanda ya rasu a 1966. Ya kira Michael Nnadi, ɗan dayosis ɗinmu mai shekara 18, da aka sace daga makarantar horar da fada-fada a Kaduna a watan Janairun 2020, aka kashe shi. Ya kira Fada Alphonsus Bello da 'yan bindiga suka kashe a Malumfashi a watan Mayun 2021. Da ya ambaci Malumfashi Inna ta kama hannuna, don can ne yankinmu. Ya ce mu haɗa da duk waɗanda aka kashe a gona da kan hanya a Zamfara da gabashin Sakkwato, Musulmi da Kirista, waɗanda wasunsu ko kabari ba su samu ba. Wata mata a bayana ta fashe da kuka. Babu wanda ya juya ya kalle ta, sai dai ta kusa da ita ta dafa mata kafaɗa har aka gama.

Bayan Mas muka ɗunguma zuwa maƙabarta. Daga 1 zuwa 8 ga Nuwamba Ikilisiya tana ƙarfafa ziyarar kaburbura: wanda ya je ya yi addu'a, ya furta zunubansa ga fada, ya karɓi Jibi Mai Tsarki, wato gurasar da aka tsarkake a Mas, ya yi addu'a bisa nufin Paparoma, yana samar wa rayukan da ke wurin tsarkakewa kafin shiga aljanna sassauci. Mu ba mu da kowa a maƙabartar nan. Baba yana can ƙauye. Kafin a kai gare shi sai an bi ta Talata Mafara, Gusau, Tsafe, Funtua, hanyar da yanzu ba mai shigarta sai ya yi sallama da iyalinsa sosai. Rabon Inna da ganin kabarinsa shekara uku.

Ƙarfe tara ba ta yi ba rana ta fara duka. Ciyawar damina ta bushe, ƙarangiya ta cika wurin, duk ta maƙale a zannuwanmu. Matan Zumunta, ƙungiyar matan coci, sun zo da tsintsiya da fartanya, matasa da adda. Waɗanda ke da nasu suka nufi nasu. Inna ta tsaya tana dube-dube, sai ta nufi wani kabari can gefe, wanda gicciyen ƙarfensa ya karkace, tsatsa ta cinye rubutun, sai shekarar mutuwa kawai ake iya gani. Ga alama danginsa sun daɗe da komawa gida. Ta durƙusa, ta fara cire ciyawa da hannu. Na ce ta bari in karɓo fartanya, ta ce a'a. Ta share shi tsaf, ta jera duwatsun gefen da suka watse, ta sa ɗana ya miƙe gicciyen ya danne gindinsa da dutse. Da Fada ya iso yana yayyafa ruwa mai tsarki, ɗigon yana sauka kan ƙasa yana bushewa nan take, ita ce ta tsaya a kan kabarin a matsayin dangi. Ta kunna kyandir ɗin da muka zo da shi, iska ta kashe, ta sake kunnawa, ta kare shi da tafin hannu har muka gama "A gaishe ki Maryamu" goma.

Ƙaya ta soke ta a babban yatsa. A keke na ga jinin, ta ce ba komai.

Da rana ban yi wani abin kirki ba. Na dafa shinkafa da wake, na yi wanki, na ɗan kwanta. Ƙarfe huɗu babbar 'yata ta tafi koyon waƙa, mawaƙa suna shirin idin Sisiliya mai tsarki na ranar 22. Ni kuma shugabar Zumunta ta aiko a tuna mini da kwanon gero biyu da na yi alkawari domin godiyar kaka. Na duba kalandar coci da ke rataye kusa da firiji, na ga watan ya riga ya cika. Gobe 3 ga wata ranar Martin na Porres ce, mai tsarkin nan baƙar fata, ɗan ƙungiyar Dominikan na birnin Lima, mai tsintsiya, wanda Baba ke ƙauna ƙwarai, amma bana ta faɗo a Lahadi, Lahadi kuwa ba ta ba kowa wuri. Ranar 24 idin Kristi Sarki, wanda Paparoma Pius na 11 ya kafa a 1925. A nan Najeriya ranar ce muke zagaye da Jibi Mai Tsarki, don a lokacin da sauran ƙasashe ke yin nasu mu muna cikin ruwan sama. Da ita shekarar coci za ta ƙare. Ranar 1 ga Disamba a shiga Adbent, makonnin jiran Kirsimeti, a ajiye Bisharar Markus a ɗauki ta Luka, shunayyar yau ta sake dawowa. Ina son yadda abin ke tafiya da namu lokacin: ana tuna matattu daidai sanda gonaki suka zama kara, ana jiran haihuwa daidai sanda sanyi ya shigo.

Wajen magariba 'yar gwaggona ta kira daga Gusau. Ita ba Katolika ba ce, duk shekara sai ta tambaye ni amfanin yi wa wanda ya riga ya tafi addu'a. Na sake ba ta labarin Yahuza Makabi, da ya tara kuɗi ya aika Urushalima a yi hadaya domin sojojinsa da suka mutu. Ta ce littafin ba ya cikin nata Littafi Mai Tsarki, na ce na sani. Ba mu yi gardama ba. Kafin ta ajiye waya ta tambaya ko na sa sunan mahaifiyarta. Na ce ita ce ta huɗu. Ta yi shiru, sannan ta ce ta gode.

Bayan mun ci tuwo saƙo ya shigo ta WhatsApp daga ƙanin Baba. Hoto ne. Sun share kabarin, sun shafa wa gicciyen farar ƙasa, a bayansa ana hango dawa da ba a yanke ba tukuna. Ya ce katikist ya zo da mutane sun yi addu'a. Su yanzu ƙarƙashin dayosis ɗin Katsina suke, tun da aka cire ta daga Sakkwato a bara aka naɗa Bishop Gerald Musa, ɗan yankin, mu kuma muna nan tare da Bishop Kukah. Na miƙa wa Inna wayar. Ta riƙe ta da hannu biyu, ta matso da ita kusa da ido, ta ce in ƙara girman hoton. Da hasken ya mutu ta ce in sake kunna mata. Sau uku.

Mun yi rozari, addu'ar carbi, a tsakar gida, yara suna gyangyaɗi. Na ɗauka ranar ta ƙare, har na fara wannan rubutu, sai na ji ta tana kira. Ta tuna da kishiyar mahaifiyarta, wadda ta goye ta tana ƙarama, ita ma ba ta taɓa shiga coci ba. Na ce ambulan ya riga ya tafi. Ta ce ai kwandon yana nan har ƙarshen wata. Na yago takarda daga littafin lissafin autana, na rubuta sunan, na sa a cikin jakar da zan riƙe gobe.