Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Aikin Nas Bayan An Rufe Ƙofar Makaranta

A makon jiya mun tsaya a watan Maris na 2020, lokacin da gwamnonin Arewa maso Yamma suka ce a rufe makarantu daga ranar 23 ga wata saboda korona. Kwana 30 aka ce, sai abin ya ja watanni. Yau zan ajiye labarin kaina, in yi bayanin aikin da ke kan nas ta makarantar kwana a irin wannan hali, don da yawa sun ɗauka in ɗalibai sun tafi gida aikinta ya ƙare.

A makaranta ido ne rabin aikin. Kina ganin wadda ta rame, da wadda kullum take zuwa ɗakin magani da ciwon kai alhali magana ce a bakinta. Da an rufe ƙofa, wannan idon ya tafi. Saboda haka kafin motoci su fara ɗiban yara, a fitar da sunayen waɗanda ake jin tsoro a kansu: masu sikila, farfaɗiya, asma da ciwon suga, masu shan maganin HIV, marayu, waɗanda ke hannun riƙo, da duk wadda aka taɓa jin ƙishin-ƙishin za a cire ta a aurar. Kowacce a rubuta lambar waya 2, ɗaya ta gidan, ɗaya ta wata 'yar uwa da yarinyar ta zaɓa da bakinta. Mai magani a ba ta na wata guda tare da sunan asibitin da ya fi kusa da ita. A ja wa iyayen mai farfaɗiya kunne sosai: yanke magani rana tsaka yana dawo da faɗuwar, wani lokaci fiye da da. Mai sikila kuwa folic acid kullum, ruwa da yawa, gidan sauro, kuma zazzaɓi ko ciwon ƙirji ba na jira ba ne.

Kiran waya shi ne inda aka fi yin kuskure. Wayar ta uba ce ko ta wan yarinya, kuma wataƙila wanda ake tsoro yana zaune kusa da ita. Sai a fara da mai gidan: "Baba, ina wuni, ya iyali? Daga makaranta ne, muna bin lafiyar ɗalibanmu ɗaya bayan ɗaya." In an miƙa mata, a yi tambayar da i ko a'a ta isa: "Akwai mutum kusa da ke? Kin ci abinci yau? Kina so in sake kira?" Kada a tura saƙon tes a kan maganar sirri, wani ne zai karanta. In an kira sau 3 a ranaku daban ana cewa ba ta nan, a sanar da shugabar makaranta a nemi wanda zai leƙa gidan.

Idan yarinya ta ce an taɓa ta, kada nas ta yi alkawarin rufe maganar. Ta ce mata: "'Yata, ba laifinki ba ne, kuma waɗanda za su taimake ki kaɗai zan faɗa wa." Ta rubuta kalamanta yadda ta faɗe su, da rana da lokaci, ba tare da sa mata magana a baki ba. Daga nan agogo ake bi. Maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Na hana ɗaukar ciki yana iya kaiwa awa 120, amma gara da wuri. Kayan jikinta kada a wanke, a sa su a ambulan na takarda, don leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama, duk masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe ne. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda dangi kan tafi zaman sulhu don rufin asiri har awa 72 ta wuce. A kai ta asibiti tukuna, sannan a sanar da jami'an jin daɗin jama'a da 'yan sanda. Lokacin kulle kuma, katin shaidar aiki na nas kan taimaka a shingen hanya.

Da 'yan ajin ƙarshe suka dawo a watan Agusta don jarrabawar WAEC, hankalin kowa ya tafi kan takunkumi, wanke hannu na daƙiƙa 20 da na'urar auna zafi ta goshi. Ita na'urar tana ƙarya in yarinya ta taho cikin rana, sai ta huta a inuwa a sake aunawa. Amma babban aiki yana cikin rajista: a auna nauyin kowa a gwada da na zangon baya, a kuma fitar da sunan duk wadda ba ta dawo ba a makon farko, a bi sawunta tun ba a ɗaura aure ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga yadda ake tunkarar iyayen da suka ce 'yarsu ta gama karatu ke nan.