Lokacin da 'yan Biyetnam ke biyan bashi

Duk mai harkar kashu a Dawanau ya san akwai mako guda a shekara da wayar Biyetnam ke mutuwa. Ka tura saƙo a WhatsApp, ka kira, ka sake kira, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ba faɗa aka yi ba, Tet ce ta zo, sabuwar shekararsu. Ga shi kuma tana faɗowa daidai lokacin da sabon kashu ke fara fitowa daga Kogi da Kwara da Oyo, 'yan Biyetnam kuwa su ne kan gaba a duniya wajen fasa shi da sarrafa shi.

Da wata suke lissafi, sai dai duk bayan shekara biyu ko uku sukan ƙara wata na goma sha uku, shi ya sa Tet ba ta zaga shekara. Kullum tana tsakanin ƙarshen Janairu da wajen 20 ga Fabrairu: a 2024 ran 10 ga Fabrairu, a 2025 ran 29 ga Janairu, a 2026 ran 17 ga Fabrairu.

Ni abin da ya kama min hankali maganar bashi ce. Akwai dattijon da nake sayar wa kaya, mai masana'anta a gefen birnin Ho Chi Min, da Mista Alhaji yake kirana. Mutum ne mai taurin ciniki, a kan dala biyar sai ku kwana kuna ja. Amma da zarar watansu na ƙarshe ya raba, ragowar kuɗina za su shigo ban buɗe baki ba. A wurinsu, wanda ya tsallaka sabuwar shekara da haƙƙin wani a wuyansa ya gayyato wa kansa tsiya har ƙarshenta. Haka kuma abin kunya ne ka je bin bashi a kwanakin farko na bikin, don haka kowa ke ƙoƙarin a rabu lafiya tun da wuri. Camfi ne, ban musa ba. Amma mu da aka gaya mana ran mumini na rataye da bashinsa har sai an biya, je ka buɗe littafin kowane ɗan kasuwa a Kwari ka ga sunayen da suka shekara uku ba a soke ba.

Jajiberin wata Tet ya kira ni ta bidiyo. Tsakar gida an share tas, ga bishiyar fure ruwan ɗorawa a babbar tukunya bakin ƙofa (mutanen arewa, wajen Hanoi, jaja-jaja suke sawa). Matarsa da jikoki na zaune a tabarma suna naɗe shinkafa mai danƙo da wake a ganyen ayaba, suna ɗaurewa tamau. Banh tet suke ce masa, dogo ne. Na arewa mai kusurwa huɗu ne, banh chung. Kusan kwana ake yi ana dafa shi, ana hira gefen wuta. Da ya nuna min naman da ke tsakiya na ce, "Maigida, wannan sai dai kallo." Alade ne. Ya yi ta dariya.

Kwana ukun farko kowanne da mai shi: na farko dangin uba, na biyu dangin uwa, na uku malamai. Wannan na ukun ya burge ni, a ce mai furfura ya sa sababbin kaya ya tafi gaida wanda ya koya masa karatu. Yara na karɓar sababbin kuɗi a jar ambulan. Ba a shara, kada a share arziki. Har wanda zai fara taka ƙofar gida zaɓarsa ake yi, ba kowane mai ƙashin tsiya ba.

Sauran bukukuwan ba su kai Tet ba. Ran goma ga watansu na uku ana hawa dutsen Nghia Linh a lardin Phu Tho don tunawa da sarakunan Hung, waɗanda suke ɗauka su ne tushensu. Tun 2007 ranar hutu ce, kuma UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa al'adar a kundinta na al'adun duniya a 2012, shekara goma sha biyu kafin hawan Sallar Kano ya shiga. Tsakiyar wata na takwas na yara ne, da fitilun takarda da rawar zaki.

Sai Vu Lan, tsakiyar wata na bakwai, bikin iyaye: mai uwa a raye ya maƙala jan fure a ƙirji, wanda ya rasa tasa ya sa fari. Duk watan kuma suna cewa na fatalwa ne, da yawansu ba sa aure, ba sa sayen gida, ba sa ƙulla sabon ciniki. Yakan faɗo wajen Agusta, lokacin kashunmu ya riga ya ƙare, don haka wannan camfin dai bai taɓa aljihuna ba.