In Batirin Jirgi Ya Sha Ruwa

A nan Yawuri, da damina ruwa kan taru a cikin jirgin ruwa har ya shanye akwatin batir. Ni dai ba na gaggawar kai shi caji. Baƙar waya nake fara cirewa, sannan ja, in goge shi da tsumma, ya kwana inda iska ke kaɗawa.

Farin garin nan da ke taruwa a kawunansa, bekin soda da tsohon buroshin haƙori ke fitar da shi. Amma fa kada sodar ta faɗa ramukan da ake zuba wa batir ruwa, tana kashe asid ɗin da ke cikinsa. Sai in shafa Vaseline, in ɗora mitar auna ƙarfin batir. In ta nuna volt 12.6, ya cika.

Wajen caji kuwa, mai shan taba ya matsa can. Iskar da batir ke fitarwa tana kamawa da wuta.