Ƙirgen giginya

Aikin farko da aka ɗora mini da na fara malamin gona a gabashin Jigawa shi ne in bi fadamu da gonaki in ƙirga giginya da goriba. Makonni na yi a kan babur, in tsaya, in ɗaga kai, in rubuta. Na cika littafi da lambobi, na kuma shirya rahoto cewa giginya tana nan kalau a yankin.

Akwai wani dattijo mai saƙar tabarma da nake ajiye babur a ƙofar gidansa. Ranar da na nuna masa littafin ina murna, bai ko karɓa ba. Ya ce, "Malam, iyayen ka ƙirga. Ina 'ya'yan?"

Na ce, "Baba, waɗanne 'ya'ya?"

Ya ce in koma fadamar in sunkuyar da kai maimakon ɗagawa. Na koma. A filin da na rubuta manyan giginyu rututu, ƙananan da na samu ba su cika yatsun hannuna ba. Duk waɗanda na ƙirga tsofaffi ne, masu kumburarren ciki, waɗanda suka tsiro tun kafin a haifi mahaifina.

Giginya ba ta gaggawa. Ƙwallon yana fara tura saiwa can cikin ƙasa, sannan ta shafe shekaru tana 'yan ganye a ƙasa-ƙasa kafin ta yi gangar jiki. A wannan tsakanin ne akuya ke cinye ta, garma ta tumɓuke ta, gobarar daji ta lashe ta. Kafin ma a kai nan, akwai muruci. Ana tara ƙwallayen a binne, in sun tsiro a tono a dafa a kai kasuwa. Kowane muruci giginya ce da ba za ta tsaya ba. Ban ga laifin masu sana'ar ba, don na san gidajen da kuɗin muruci ke saya musu sabulu da littafin makaranta. Sai dai a sama ana sare tsofaffi ana fasa azara, tunda gara ba ta cin ta da sauƙi, a ƙasa kuma ba mai tasowa. Haka goriba take. Kabar da ake yanka a yi tabarma da faifai da igiya, ai goriba ce ƙarama. Yawan yankan ne ke hana ta miƙewa ta yi rassa ta ba da 'ya'ya.

Daga baya, a wani kwas da na je, aka ba mu karatu a kan dangin giginya da ke tsibiran tekun Indiya. Da farko na ɗauka labarin nesa ne. Sai na ci karo da wani ƙaramin tsibiri a arewa da Morishas, ana kiran sa Round Island. An kai masa awaki da zomaye a ƙarni na 19, suka riƙa cinye duk tsiron da ya leƙo. Manyan itatuwan suna tsaye, wanda ya hango daga jirgin ruwa zai ce lafiya lau, alhali tsufa suke suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani nau'in mai gangar jiki kamar kwalba, wanda yau ake ƙawata otal-otal da shi a ƙasashe da dama, saura ƙiris ya ƙare a gidansa na asali. Sai da aka kawar da awakin a 1979, zomayen kuma a 1986, sannan ƙanana suka fara rayuwa. Ina karantawa ina ganin fadamarmu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai yana lambun adana tsirrai na garin Curepipe, a Morishas ɗin. Itace ɗaya tak, mai suna Hyophorbe amaricaulis, shi kaɗai ya rage daga irinsa a duniya gaba ɗaya. An kewaye shi, ana kula da shi, masana sun yi ta ƙoƙarin samar da na biyu, abin ya faskara. Lambu ya tsare ransa, amma bai iya ba shi zuriya ba. Tun daga nan na daina ganin shinge da allo mai suna a matsayin ƙarshen aiki.

A Seshal kuwa akwai 'yar'uwar giginya ta kusa, wadda ake kira koko-da-mer. A tsibirai biyu kaɗai take fitowa da kanta, Praslin da Curieuse. Ƙwallonta ya fi na kowane tsiro girma, wani yakan haura kilo 15, kuma ɗanta na ɗaukar shekara 6 zuwa 7 kafin ya nuna. Hukuma ce ke sa ido a kan cinikinsa, ba a fita da shi sai da takarda. Ita ma, kamar giginya da goriba da dabino, akwai namiji akwai mace. Wannan ya tona wani kuskuren nawa: ban raba jinsi a ƙirgena ba. Masu dabino a Dutse sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke hawa su ɗaura furen namiji a jikin na mace. Ni da takardar shaida a aljihu na wuce shi.

Na janye rahoton na sake shi. Yanzu takardar ƙirgena tana da gurbin tsiro, da matashiya, da babba, da namiji, da mace. Mun kuma zauna da masu binne ƙwallo a ƙauyuka biyu, muka roƙa a riƙa barin kaɗan daga kowane rami a bakin iyakar gona, a kewaye su da ƙaya. Wasu sun yarda, wasu sun ce ganyen zai tare musu garma, kuma gaskiyarsu ne, sai muka koma kan kunyar iyaka inda ba a noma.

Bara da kaka na koma wajen dattijon. Ya ajiye saƙarsa, ya ja ni bayan gonarsa, ya buɗe ƙayar da sanda. Ganye uku ne, tsayinsu bai kai gwiwata ba. Ya ce, "Rubuta wannan, Malam. Ta jikana ce."